Ciwo Ya Tafi, Tari Ya Zauna

Ya ku 'ya'yana, samari da 'yammata na ƙasar Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa,

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a garuruwan nan namu, sa'ad da jaura ke gangarowa daga duwatsun Riruwai, hazo ya rufe Dajin Falgore har direba ya kunna fitila da hantsi, sa'an nan ya daure ya fita masallaci da asuba, ya san cewa kafin liman ya idar da Fatiha sai tari ya tashi a sahun gaba, wani ya karɓa daga sahun baya, har karatun ya ɓace wa na nesa. Galibin wannan tari na mura ne, wanda yakan zo da sanyi ya tafi da sanyi. Wanda ya dame ni shi ne tarin mutumin da ciwon huhu ya kayar, watau abin da likitoci ke kira nimoniya, mutanen gari kuma su ce limoniya ko ciwon haƙarƙari, aka kai shi asibiti aka yi masa magani, zazzaɓi ya sauka, sukan da yake ji a gefen ƙirji ya lafa, ya miƙe har 'yan dubiya suka ɗauke ƙafa, amma tarin ya tsaya cik, ya hana shi barci, ya hana mutanen ɗakinsa, ya kuma cika masa zuciya da waswasi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa ɗan ƙanena ne, saurayi majiyin ƙarfi, wanda ke acaɓa tsakanin Kwanar Ɗangora da ƙauyukan da ke kewaye. Hunturun bara waccan wannan ciwo ya kwantar da shi kwana 9. Da ya tashi tarin bai sake shi ba, sai mashawarta suka yi masa caa, kowa da nasa magani: wannan ya ce a sake kafso, wancan ya ce beli ne ya sauko a kai shi wurin wanzami, wata tsohuwa ta ce sammu ne saboda sabon babur, wani abokinsa kuma ya miƙo masa kwalba a ɓoye. Cikin mako 2 ya kashe abin da ya fi kuɗin jinyarsa, bai kuwa taka wurin da ya kamata ya fara zuwa ba, inda ba za a karɓi ko kwabonsa ba.

Ku sani, Allah ya yi muku albarka, huhu ba jaka ɗaya ba ce kamar salka ko zugazugin maƙeri. Hanyar iska takan rabu biyu a cikin ƙirji, kowane reshe ya yi ta rarrabuwa kamar rassan tsamiya, har su ƙare a wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna, ɗaruruwan miliyoyi, waɗanda a jikinsu ne iska ke saduwa da jini. In ƙwayar cuta irin wadda ake kira bakteriya ta samu shiga can, sai jiki ya tura dakarunsa, fararen ƙwayoyin jini, a gwabza, jakunkunan nan su cika da ruwa da mugunya, shi ne za ka ga mai ciwo yana haki, yana kakin majina mai kauri, wani lokaci mai launin tsatsa. Magabatan likitocin Musulunci irin su Ibnu Sina, mai littafin Alƙanun, sun san wannan ciwo sarai, suna kiransa zatur ri'a, suna kuma bambanta shi da zatul janbi, watau ciwon tantanin da ya lulluɓe huhu. Abin da Allah bai nufe su da samu ba shi ne maganin da ke kashe ƙwayar, wanda ƙofarsa ba ta buɗe ba sai da Alexander Fleming ya gano fenisilin a Landan cikin 1928. To, shi maganin nan ƙwayar kaɗai yake kashewa, ba ya share ɓarnar da aka bari, ba ya kuma ɗinke abin da ya yage. Bangon hanyoyin iska yana da wasu 'yan gasu da ido ba ya gani, waɗanda aikinsu dare da rana shi ne turo majina da ƙura sama zuwa maƙogwaro, ciwon kuwa yakan karkaɗe su kamar yadda fara ke yi wa ganye, kafin su sake tsirowa sai an yi makonni, a tsawon wannan lokaci kuma nauyin fitar da dattin yakan koma kan tari. Wanda ya taɓa tsayawa a wurin yasar rijiya zai gane nufina: guga bayan guga na laka ake jawowa, ba kuwa mai hankalin da zai ce rijiyar ta lalace don ya ga laka jibge a bakinta. Daɗin daɗawa, jijiyoyin wurin sukan zama kamar fatar da ta ƙone ta fara warkewa, wadda ko iska ta shafe ta sai an ji, don haka ne ɗan sanyin asuba, ko ƙamshin turare, ko dariya mai ƙarfi, ko doguwar magana, ke tayar da busasshen tari wanda ba komai a cikinsa.

Malaman ɗibbu na da suna da suna ga wannan zango da ke tsakanin ciwo da lafiya, suna ce masa naƙaha, suna kuma ba shi hukuncinsa na kansa, da abincinsa da hutunsa, domin sun lura mai naƙaha ya fi kowa saurin komawa gidan jiya. Mu kuwa yau hali biyu kaɗai muka sani, ko mutum yana kwance ko ya warke, da an gan shi zaune a ƙofar gida sai a ce Allah ya ƙara sauƙi, gobe kuma a sa ran ganinsa a gona. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta fitar da wani jadawali a 2014 domin a riƙa gaya wa masu wannan ciwo, na ga kuwa ya dace ku haddace shi: bayan mako 1 da fara magani ana sa ran zazzaɓi ya tafi, bayan mako 4 ciwon ƙirji da kaki su ragu ƙwarai, bayan mako 6 tari da haki su ragu ƙwarai, bayan wata 3 galibin alamomi sun gushe sai ragowar kasala, komawa yadda ake a da kuwa, ga mafi yawan mutane, sai wajen wata 6. Ku dubi wannan da idon basira. Mako 6 kwana 42 ke nan, ya ɗara arba'in ɗin da mai jego ke yi, ba a kuwa ce tarin ya ƙare ba, an dai ce ya ragu. Saboda haka saurayin da ya ga kwana 20 yana tari bayan ciwon huhu, amma na yau bai kai na makon jiya ba, yana cin abinci, jikinsa ba zafi, numfashinsa yana ƙara tsawo, wannan a kan hanya yake.

Rashin sanin haka ne ke mayar da mutane kemis. Ba na zargin mai kemis, domin a ƙauyukan da ke bayan Falgore, inda asibiti ke da nisa hanya kuma ba daɗi, sau da yawa shi ne mai agajin farko. Amma shi abin da aka tambaya yake miƙowa, bai kuwa ɗora abin awo a ƙirjinka ya saurara ba. Kafson da likita ya rubuta maka wajibi ne ka sha shi bisa ƙa'ida har kwanakin da aka yanka maka su cika, kada ka rage wa ɗan'uwa, kada ka ajiye don wata rana. In ya ƙare kuwa ya ƙare. Ƙara wani a kai saboda tari kawai tamkar ci gaba da harbi ne bayan abokan gaba sun watse, ba wanda zai samu sai mutanen gida, watau ƙwayoyi masu amfani da ke zaune a hanji, ga gudawa, ga hasarar dukiya, ga kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure wa magani, har ranar da za a bukace shi da gaske a tarar ya zama ruwa. Akwai ma wata illa da ta fi waɗannan, wadda ƙalilan ne suka san ta. Maganin nan da ake kira sifro a kemis, shi da 'yan'uwansa, suna ɗan taɓa ƙwayar tarin fuka ba tare da sun gama da ita ba, sai alamominta su kwanta na ɗan lokaci, mai ciwo ya zaci sauƙi ya samu, a yi jinkirin gano ta, ita kuwa tana can tana cin huhu a ɓoye kamar gara a rumbu.

Wannan ya kawo ni ga maganar da ta fi kowace nauyi a takardar nan. Jadawalin da na kawo muku an tsara shi ne a ƙasar da tarin fuka ya yi ƙaranci, mu kuwa Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu wannan cuta a duniya, Jihar Kano kuma tana sahun gaba a cikin ƙasar. Tarin fuka, wanda Larabawa ke kira sillu, wanda kuma Bajamushen nan Robert Koch ya bayyana ƙwayarsa ran 24 ga Maris 1882, yana iya sallama da kamannin nimoniya sak, yana kuma iya zama tare da ita a huhu ɗaya. Saboda haka ƙa'idar hukumomin lafiya na ƙasarmu ita ce duk wanda ya yi mako 2 yana tari ya kai kakinsa a auna, ko da yana ganin ya san abin da ya jawo tarin. A zahiri maganganun nan biyu kamar suna karo da juna, ɗaya ta ce a yi haƙuri mako 6, ɗaya ta ce a tafi awo a mako 2, alhali kuwa awon ne ke halatta haƙurin. Wanda ya auna aka ce babu, ya zauna da kwanciyar rai yana jiran huhunsa ya gama yasa, haƙuri ya yi, yana kuwa da ladansa. Wanda ya ƙi aunawa ya ce ya dogara ga Allah, alhali yana kwana ɗaki ɗaya da ƙannensa, ko yana zaune a zauren karatu tsakiyar almajirai, wannan sakaci ya yi ya sa masa rigar tawakkali, haƙƙin duk wanda ya shaƙa daga gare shi kuma yana wuyansa.

Awon ba shi da wahala. Za a ba ka 'yar roba mai murfi, ka fita fili inda iska ke kaɗawa, ka ja dogon numfashi, ka kako daga can cikin ƙirji, kada ka tara musu yawun baki. Akwai na'ura mai suna GeneXpert wadda cikin kamar awa 2 take gane ƙwayar, ta kuma nuna ko mai jin babban maganin cutar ce ko mai taurin kai, asibitin da ba shi da ita kuma yakan aika da kakin inda take. Awon kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, maganin ma kyauta ne, wata 6 ake sha, iri 4 a wata 2 na farko, iri 2 a sauran wata 4, ana kuwa warkewa sarai da iznin Allah. Ku tambaya a babban asibitin Tudun Wada ko asibitin gwamnati mafi kusa da ku. In abin ya fi ƙarfinsu akwai Asibitin Zana a birnin Kano, da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da cibiyar Saye a Zariya. Na san abin da ke tauye 'yammata musamman, watau tsoron kada a ji a gari a ce gidan su wance akwai tarin fuka, manema su janye. Ina roƙon iyayenku mata, don girman Allah, su auna wannan da hankali: yarinyar da ta sha magani ta warke ba abin da zai hana ta aure da haihuwa, wadda aka ɓoye a ƙuryar ɗaki tana ramewa kuwa, naman huhun da cutar ta cinye ba ya dawowa.

Sai maganar kwalba. Da yawa cikinku kun isa tunawa da 2018, shekarar da BBC ta nuna irin ɓarnar da maganin tari mai kodin ke yi wa matasa, Kano kuma tana cikin wuraren da aka nuna, har Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da shi da haɗa shi a farkon Mayu na shekarar. Kodin jinin ofiyom ne, aikinsa ya danne wurin da ke ba da umarnin tari a ƙwaƙwalwa, watau ya sallami masu yasa alhali laka na cikin rijiya. Akwai waɗanda da tarin gaskiya suka fara shi, tarin ya tafi, kwalbar ta zauna. Ba zan tsawaita ba, domin kun fi ni sanin gidajen da abin ya girgiza. Abokin da ya miƙo maka ita da sunan tausayi, ka mayar masa da abarsa, ka kuma yi masa addu'a.

To, me mai naƙaha zai yi a gida? Ya raba huhunsa da abin da ke tsokanarsa, wannan kuwa a ƙasarmu ba ƙaramin jihadi ba ne, tun da yake lokacin ciwon yakan zo daidai da kaka da hunturu, abincinmu kuma a cikin ƙura yake. Mutumin Tudun Wada yana tsaye tsakanin injin casar shinkafa da ɓuntun da ke tashi, mutumin Doguwa yana kan casar masara, mai haƙar kuza a Riruwai yana shaƙar garin dutse, masuncin Tiga yana kan ruwa tun kafin alfijir, ɗan acaɓa kuwa ƙurar kowace mota rabonsa ce. Ban ce ku bar sana'a ba, wanda bai fita ba me zai ci? Amma wanda ya samu hali ya ɗaga wa aikin ƙura ƙafa na mako 2 ko 3, ya karɓi awo ko lissafi ko ɗinkin buhu, ɗan'uwansa ya tsaya a bakin inji, wata rana ya rama masa. In fitar ta zama dole a rufe hanci da baki. Fataken da, irin Agalawan Bebeji waɗanda a cikinsu aka haifi Alhasan Ɗantata, da suka riƙa ratsa daji da rani zuwa Gwanja, sun san amfanin jan amawali a kan baki, ku kuma ga takunkumi kun saba da shi tun 2020.

Ku 'yammata naku hayaƙi ne: murhun itace a madafi marar taga, tukunyar turara shinkafa, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, da kaskon da ake shigarwa ɗaki a ja ƙofa saboda sanyi. Ku fitar da murhu tsakar gida, ku zauna ta inda iska ke fitowa, ku sa busasshen itace. Garwashi kuwa kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki ko da kowa lafiyarsa lau, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kuwa kisa. Sigari da shisha suna kashe wa 'yan gasun nan da ake jira ƙarfi, wanda kuma ciwo ya raba shi da taba kwana 10 ya riga ya wuce mafi wuyar zango, kada ya koma.

A yawaita shan ruwa, musamman mai ɗumi, domin ƙishi yana ƙara wa majina kauri. Kunu da shayin citta da kanumfari da lemun tsami suna sanyaya maƙogwaro. Zuma, wadda aka ambaci warakarta a Suratun Nahli, likitocin zamani ma sun gwada ta sun ga tana rage tarin dare, cokali ɗaya kafin kwanciya ya wadatar, sai dai jaririn da bai cika shekara 1 ba kada a ba shi ko ɗigo, don tana iya ɗauke da wata ƙwaya da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba. A tada kai da matashi in za a kwanta, a ci wake da ƙwai da nono da kifi da zogale gwargwadon hali, a kuma riƙa ɗan tattaki kullum ana ƙara nisa, saboda wuni a kwance yana tara majina. In tari ya zo a rufe baki, kaki kuma a binne shi ko a zuba a masai. Ruwan alwala a ɗumama shi. Inda hakan ya faskara, malaman mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a littafin Muhtasar, sun halatta taimama ga wanda ke tsoron ruwa zai ƙara masa ciwo ko ya jinkirta masa warkewa, haka kuma shari'a ta yi wa majinyaci rangwamen ajiye azumi ya rama daga baya, wanda yake cikin shan magani kuwa ya karɓi wannan rahama da godiya. Game da wanzami, ina ganin girman sana'arsa, amma beli ba shi ne tushen tarin da ke fitowa daga huhu ba, yanke shi kuma yana iya jawo zubar jini da wata cutar daga ƙarfe, tarin yana nan inda yake.

Akwai alamomin da ba a ƙirga musu kwana, ranar da aka gan su ranar ake komawa asibiti: zazzaɓin da ya tafi ya dawo, ko jini a cikin kaki, ko haki da ke ƙaruwa, ko sukan gefe da ya sake tasowa, ko zufar dare mai jiƙa riga, ko rama alhali ana ci, ko tsoho ya fara ruɗewa. Wani lokaci ruwa ko mugunya kan taru tsakanin huhu da haƙarƙari, wannan kuwa in ya yi yawa kafso ba ya fitar da shi sai an zuƙe. Ƙananan yara ba su iya faɗin abin da ke damunsu, ku ne kuwa masu agogo a waya, ku ne masu babur. Ku ɗaga rigar yaro sa'ad da ya natsu, ku ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur: ɗan wata 2 zuwa shekara 1 in ya kai 50, ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ko kuka ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja iska, ko ya kasa shan nono, ku ɗauke shi a lokacin, ko da tsakar dare ne. Ku kuma duba katin rigakafin ƙannenku, domin tun ƙarshen 2014 aka fara sa allurar rigakafin ƙwayar nimoniya cikin alluran jarirai a ƙasar nan.

In kuma tari ya haura mako 8, ya fita daga hukuncin naƙaha, sai a sake bincike ko da awon farko ya ce babu. Yana yiwuwa asma ce ciwon ya tono, ko majinar hanci ke gangarowa maƙogwaro, ko ƙwannafi ne ke hawowa da dare, ko kuwa, ga iyayenku masu hawan jini, wani nau'in maganinsu ne mai sa busasshen tari, wanda likita zai iya musanyawa. Wanda ya haura shekara 50, ko mai shan taba, ana so a sake ɗaukar hoton ƙirjinsa wajen mako 6 bayan ciwon, don a tabbata inuwar da aka gani ta gushe.

Ɗan ƙanen nawa, da na matsa masa, ya kai kakinsa aka auna aka ce babu. Na karɓe ragowar kafson da ya tara, na ba shi ɗan littafi na ce kowace safiya ya rubuta sau nawa tari ya tashe shi daren jiya, domin mai ciwo ba ya ganin sauƙin da ke zuwa kaɗan kaɗan sai in an jera masa shi a takarda. Makon farko yana rubuta 6 da 5, na biye 4 da 3, sa'an nan ya ɗan hau ranar da ya raka amarya cikin ƙura, ya kuma sauko. Ran nan bayan sallar Juma'a na tambaye shi littafin, ya ce wallahi Baffa na manta rabon da in buɗe shi. Ya shiga ɗaki ya lalubo, muka duba tare, rubutun ya tsaya a kwana na 47 daga ranar da ya fara magani.